Daga Rajistar Lanho Zuwa Takardun Burs: Yadda Ake Ƙirga Ƴaƴan Damargu



Duk wanda ɗansa ya taɓa cin bak ya san abin da ke biyo bayan guɗa. Ba a gama rabon goron murna ba za a shiga haɗa takardu: ta haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, takardar maki, hotuna, kowace sai an kai ta an buga mata hatimi. Rannan wani dattijo ya tambaye ni, shi dai me gwamnati ke yi da tulin takardun nan, yaro ba ya riga ya ci jarrabawa ba? Amsar tana da tsawo, kuma ta faro tun kafin a haifi shi dattijon.

Lokacin da Nasara ya kafa mulki a ƙasar nan, Damagaram na babban birni har zuwa 1926, abin da ya fara rubutawa a Damargu shi ne rajistar lanho. Kumandan ya fito rangadi da tafinta da gardawa, a tara gari, maigari ya tsaya, a kira kowane magidanci ya faɗi matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa. Daga wannan takarda ake yanka haraji, daga ita ake ɗibar masu aikin dole da sojoji. Aikin dole sai a 1946 aka soke shi. To, wa zai kai sunan ɗansa da daɗin rai? Mutane suka koyi ɓoyo. In an ji ƙurar dawakin kumandan, a tura yaro gona ko a aika shi wurin kawunsa, makiyayi kuwa ya kaɗa dabbobinsa ya nausa arewa, wajen kwarin Tarka.

Lakwal ma ta wannan ƙofa ta shigo. A gaya wa sarki ana son yara kaza daga ƙasarsa, shi kuma ya raba wa masu gari. Sananne ne a ƙasashen da Faransa ta mallaka cewa manya da yawa sun ɓoye nasu, suka miƙa ƴaƴan talakawa da na barori. Daga baya wasu daga cikin yaran da aka miƙa ɗin suka zama mushe, suka zama akawu, har da masu riƙon ƙasa. Waɗanda suka fi ƙwazo a kai su makarantar William Ponty ta Senegal, inda Diori Hamani da Djibo Bakary da Boubou Hama suka yi karatu. Ranar da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

Ga inda matsalarmu ta yau ta samo tushe. Yaron da aka kawo ba shi da takardar haihuwa. Sai a duba haƙoransa, ko a ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, a yanke masa shekara. A rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza. Shi kansa Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki, wasu littattafai na cewa 1906 aka haife shi, wasu 1909. Shi ya sa har yanzu in ka duba katin ɗan ƙasa na iyayenmu, sai ka rantse duk Damargu ranar 1 ga Janairu aka haife ta.

Da can wannan bai dami kowa ba. Abin ya fara ciwo ne da karatu ya yi tsawo, kuɗi suka shigo ciki. An buɗe cibiyar karatun gaba da sakandare a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, ita ce yau Abdou Moumouni. Ɗan manomin Gangara ko Ollelewa da ya isa can, ba abin da zai riƙe shi in ba burs ba. Kuma kar a ɗauka burs ƙaramar magana ce a tarihin ƙasar nan. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka fito zanga-zanga kan shirin tsuke bakin aljihu da zai taɓa karatu da kuɗinsu, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasa ga babban taron ƙasa na 1991, wanda Farfesa André Salifou, ɗan Damagaram, ya jagoranta. Jami'ar Damagaram da yawancin ƴaƴanmu ke zuwa yanzu sunansa take ɗauke da shi.

Tunda masu nema sun fi kuɗin yawa, dole a tace. Hukumar ANAB ce ke karɓar takardun neman burs, kuma ba ta san fuskar kowa ba, abin da aka rubuta take gani: maki nawa, shekaru nawa, sunan da ke takardar haihuwa ya yi daidai da na takardar bak ko bai yi ba. A nan shekarar da wani ya ƙiyasta da ido tun yaro na aji ɗaya take dawowa ta tare shi a bakin ƙofa.

Na gani a gidanmu. Ɗan yayata an haife shi a daji, lokacin iyayensa na bin dabbobi. Sai da ya kusa jarrabawar fita firamare aka yi masa takardar alƙali, a gurguje, shi da sauran ƴan ajinsu. Mai rubutu ya ƙara masa shekara biyu, ya kuma sa wa sunan mahaifinsa harafin da babu shi a katin uban. Ba wanda ya lura, don ba mai karatu a gidan. Shekara bakwai bayan nan ya ci bak, sai ga takardu sun ƙi haɗuwa. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin Tanut da Damagaram, kilomita wajen 140 kowace tafiya, har lokacin ajiye takardu ya wuce. Shekararsa ta farko a jami'a, buhun hatsin uwarsa ne ya biya ta.

Ba mu kaɗai ake wa wannan ƙirga ba. A Amurka, tun gyaran doka na 1992, duk jami'ar da ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya wajibi ne ta aika alƙalumanta kowace shekara: nawa suka nema, nawa aka ɗauka, nawa suka samu tallafi, nawa suka kammala. Wadda ta ƙi a ci ta tara. A watan Agusta 2025 gwamnatin Trump ta ƙara buƙatar a rarrabe bayanan ɗaukar ɗalibai bisa launin fata da jinsi, bayan hukuncin kotun ƙoli na 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗauka, kuma ana ta cacar baki a kai. Abin da ya burge ni ɗaya ne: alƙaluman suna intanet, uba na iya zama da wayarsa ya duba makaranta kafin ya tura ɗansa.

Mu ma ana tattarawa. Kowace shekara darakta na cika takardun ƙidayar lakwal, su hau zuwa ofishin sufeto, su wuce Damagaram, su isa Yamai, a buga su cikin kundin shekara. An ƙidaya jama'ar ƙasa a 1977, 1988, 2001 da 2012. Da waɗannan ake yanke inda za a gina aji da inda za a tura malami. Rugar da ta ɓoye yaranta ranar ƙidaya, kamar yadda kakanni suka yi wa kumandan, ta goge kanta daga taswirar. Belbeji kuwa sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, kafin nan lissafinta na cikin cikin Tanut.

Ƙorafina shi ne takarda na hawa, ba ta cika saukowa ba. In sakamakon bak ya fito, a rediyo na ƙasa da na jaha muke ji. Ya kamata ƙungiyoyin iyayen yara da na ɗaliban Damargu su riƙa zuwa wurin hukumomin ilimi duk shekara da tambayoyi a rubuce: yara nawa suka zauna BEPC da bak daga Tanut da Belbeji, mata nawa ne a ciki, nawa suka samu burs, nawa takarda ta kayar. Abin da aka samu a kawo shi nan a karanta wa kowa.

Kafin nan, akwai wanda ke hannunmu. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma ana iya yi a asibiti ko wurin maigari, ba sai an je ofishin magajin gari ba. Wanda ya wuce wa'adi sai ta hannun alƙali. Masu yara a ajin ƙarshe na firamare da na koleji, ku ɗauko takardar haihuwar yau, ku ba wani mai karatu ya gwada ta da katin uba da na uwa, harafi bayan harafi, tun kafin a rubuta sunan yaron a jerin masu jarrabawa.