Littafin da Aka Rubuta Don Kashe Musu

Ranar 10 ga Nuwamba, 1951, wani Bature mai suna Sir Hugh Beaver ya fita harbin tsuntsaye da abokansa a wata fadama da ake kira North Slob, a gundumar Wexford ta ƙasar Ayilan. Ya auna wani ɗan tsuntsun fadama mai ɗigo-ɗigon ruwan zinare a gadon baya, ya saki wuta, ya kuskure. Nan musu ya kaure: cikin tsuntsayen da ake farauta a Turai, wannan ne ya fi saurin tashi, ko kuwa wata 'yar'uwar fakara mai jan gashi? Ni dai ina zargin kunya ce ta ta da maganar, domin maharbin da ya kuskure ba ya rasa abin ɗora wa laifi. Da dare suka koma masaukinsu, Castlebridge House, suka bi littattafan gidan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya raba gardamar.

Beaver shi ne shugaban kamfanin giya na Guinness, injiniya ne kuma, ba mutumin wasa ba. Shi ne gwamnatin Birtaniya ta ɗora a kan kwamitin binciken gurɓatar iska bayan hazon hayaƙin da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, rahotonsa kuma ya kai ga dokar tsabtace iska ta 1956. Amma ba da wannan duniya ke tuna shi ba. Abin da ya hango a daren nan lissafi ne na ɗan kasuwa: kowane dare, a dubban mashayun Birtaniya da Ayilan, ana tafka irin wannan musun. Wa ya fi kowa tsawo, wane kogi ne ya fi nisa, wane ɗan dambe ne ya fi daɗewa da kambu. Wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi bayan Isha'i ya san yadda abin yake, mai ƙarfin murya ne ke cin nasara, ba mai gaskiya ba. Beaver ya ce to a yi littafin da za a ajiye wa mai mashaya, in gardama ta yi zafi ya ɗauko ya buɗe, da sunan Guinness ɓaro-ɓaro a bango. Talla ce tsagwaronta, har da farko niyyar a raba shi kyauta aka yi.

Sauran wa zai rubuta. A cikin ƙananan ma'aikatan kamfanin akwai wani matashi ɗan tsere, Christopher Chataway, shi ya ce ya san wasu tagwaye da suka dace. Alaƙarsa da su ma labari ne. Ranar 6 ga Mayu, 1954, a filin Iffley Road na Oxford, wani ɗalibin likitanci, Roger Bannister, ya zama mutum na farko da ya gudu mil guda cikin ƙasa da minti huɗu. Mutum biyu ne suka riƙa shiga gabansa suna ja masa gudun, Chris Brasher da wannan Chataway. Mai shela a filin kuwa Norris McWhirter ne, ɗaya daga cikin tagwayen. Da aka miƙo masa sakamako sai ya ƙi faɗa kai tsaye. Ya kira lambar tseren, ya kira sunan wanda ya ci da kwalejinsa, ya shiga jero bajintar da aka karya, ta filin, ta Ingila, ta Birtaniya, ta Turai, ta duniya, mutane kamar su fashe. Yana furta "uku" ihu ya haɗiye sauran. Minti 3 ne da daƙiƙa 59.4. Kwana 46 kacal bajintar ta yi, John Landy na Ostareliya ya karya ta a garin Turku na Finland, Chataway kuma na biye da shi a wannan tseren ma.

Norris da Ross McWhirter an haife su a 1925, 'ya'yan editan jarida ne, sun yi karatu a Oxford. Sana'arsu ita ce sayar wa jaridun titin Fleet Street na Landan alƙaluma da bayanai. Edita na son sanin tsawon wata gada ko shekarar da aka fara wata gasa, sai ya buga musu waya. Ana ba da labarin cewa a liyafar da shugabannin Guinness suka gayyace su don a gwada su, an tambaye su wane harshe ne ya fi ƙarancin aikatau masu saɓa wa ƙa'ida, suka ce Turkanci ba tare da jinkiri ba. Aka ba su aikin a 1954. Suka buɗe ofis a gida mai lamba 107 a Fleet Street, suka shiga aika wasiƙu ga masana taurari, likitoci, masu kula da gidajen namun daji, jami'an wasanni. Ranar 27 ga Agusta, 1955 aka ɗinke kwafin farko, shafi 198. Kafin Kirsimeti ya zama littafin da ya fi kowanne ciniki a Birtaniya. Maganar kyauta ta mutu.

Na fara ganin littafin a laburaren makarantarmu ta kwana, tsohon bugu ne wanda bangonsa ya yage, malamin da ke shirya mana kacici-kacici kuma daga cikinsa yake zaƙulo tambayoyin da za su kayar da 'yan aji biyar. Babu wanda ya san alaƙarsa da giya, shi ma malamin ina jin bai damu ba. Shafin da ya fi baƙi saboda yatsu shi ne mai hoton Robert Wadlow, mutumin garin Alton a jihar Illinois ta Amurka, tsaye kusa da mahaifinsa, uban ko kafaɗarsa bai kai ba. Tsawonsa mita 2.72. Wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda ke sarrafa girman jiki, shi ya kumbura ya yi ta aiki babu tsayawa. Ƙafafunsa ba sa iya ɗaukarsa sai da takalmin ƙarfe, ƙarfen ya ji masa ciwo a idon sawu, ciwon ya ruɓe, ya mutu a 1940 yana ɗan shekara 22. Muna yara dariya muke yi wa hoton.

Abin da ya sa Wadlow ya zauna a shafin nan har yau shi ne likitoci ne suka auna shi suka rubuta. Masu gidajen wasa na Turai da Amurka sun daɗe suna yawo da dogayen mutane suna ƙara musu taƙi ɗaya ko biyu a allon talla, tagwayen kuma suka ƙi karɓar irin wannan awon. A ganina nan darajar littafin take. Tara abin mamaki kowa na iyawa, masu almara sun riga su. Cewa "kawo shaida" ga mai babban baki shi ne aikin.

Inda abin ya fi wuya shi ne shekaru. Tsufa ba shi da ma'auni sai takarda, takarda kuma tana ƙarya. Littafin ya daɗe yana ɗauke da wani ɗan Japan, Shigechiyo Izumi, wanda ya rasu a 1986, a matsayin mai shekara 120. Daga baya masu bincike suka yi shakkar rajistar haihuwarsa, har ana zaton ta wani yayansa ce da ya rasu aka maimaita masa suna, aka cire shi. Wadda ta tsaya ita ce Jeanne Calment ta garin Arles a Faransa, da ta rasu a 1997 tana da shekara 122 da kwana 164, domin garinsu ya adana takardun haihuwa da na ƙidaya tun ƙarni na 19. Shi ya sa duk lokacin da na ji a rediyo an ce ga wata tsohuwa a ƙauye kaza mai shekara 140, kuma Turawa sun ƙi sa ta a kundi don ƙyashi, nakan yi shiru. Wataƙila ta tsufa ƙwarai. Amma lissafin da aka ɗora a kan "tana ɗauke da goyo lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano" ba zai wuce teburin mai tantancewa ba, ko da gaskiya ne.

Labarin da na fi so shi ne na zafin rana. Shekara casa'in duniya ta yarda cewa wuri mafi zafi da aka taɓa aunawa shi ne El Azizia, kudu da Tarabulus a Libiya: digiri 58 a ma'aunin Salshiyas, ranar 13 ga Satumba, 1922, a wani sansanin sojan Italiya. Yana cikin littattafan makaranta, yana cikin littafin Guinness. Sai hukumar yanayi ta duniya ta kafa kwamiti, wani masanin yanayi ɗan Libiya, Khalid El Fadli, ya tono ainihin littafin da aka riƙa rubuta awon a ciki. Da aka duba sai ga rubutun hannu ya canza kwanaki kaɗan kafin ranar, alamar sabon ma'aikaci ne ya karɓi aikin, har yana zuba lambobi a layin da ba nasu ba. Ma'aunin tsohon yayi ne mai sauƙin ruɗa wanda bai saba ba, an kuma girke shi a kan daɓe mai kama da kwalta. Tashoshin da ke maƙwabtaka ba su nuna irin wannan zafin ba. Ana cikin binciken yaƙin Libiya na 2011 ya ɓarke, aka daina jin ɗuriyar El Fadli na tsawon watanni, sannan ya sake bayyana. A 2012 aka soke awon, kambun ya koma Death Valley a Kalifoniya, digiri 56.7, ranar 10 ga Yuli, 1913.

Tagwayen sun yi suna a wani shirin yara na talabijin ɗin BBC, Record Breakers, da aka fara a 1972, inda yara ke jefo tambaya su amsa da ka. Suna da zafin ra'ayin siyasa na 'yan mazan jiya. A 1975, lokacin da ƙungiyar 'yan tawayen Ayilan ta IRA ke ta da bama-bamai a Landan, Ross ya yi shelar ladan fam 50,000 ga wanda ya tona asirin masu yi. Ranar 27 ga Nuwamba suka harbe shi a ƙofar gidansa. Norris ya ci gaba da aikin shi kaɗai har tsakiyar shekarun 1980, ya rasu a 2004.

Tun kafin nan littafin ya fara sauya hali, ba da nufinsa ba. Da farko yana auna abin da ya tarar ne a duniya: dutse, kogi, kifi, gudun ɗan tsere. Da ya yi suna sai mutane suka fara ƙirƙiro abin da za a auna. Wani Ba'amurke, Ashrita Furman na New York, ya mai da abin sana'a, ya kafa ɗaruruwan bajintoci, har da tafiyar mil da yawa da kwalbar madara a ka. Wasu suka riƙa ɗura wa kyanwoyinsu abinci don su zama mafi ƙiba, wasu suka hana idonsu barci kwana da kwanaki. Dole kamfanin ya daina karɓar irin waɗannan, har da gasar shan barasa, abin dariya ga littafin da aka haifa don mashaya.

A 2001 Diageo, kamfanin da ya mallaki Guinness, ya sayar da littafin. Ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin Jim Pattison Group na Kanada a 2008. Sunan giya kawai ya rage. Intanet kuma ta ƙwace masa ainihin aikinsa, yanzu mai musu waya yake zarowa. Sai kamfanin ya juya ga wata kasuwa. Talaka na iya neman a duba bajintarsa ya jira makonni goma sha biyu ko fiye, mai kuɗi kuwa zai biya a turo masa alƙali da kwat da takardar shaida, a taya shi ma zaɓen bajintar da zai iya karyawa. Kamfanoni suka yi layi, gwamnatoci ma haka. Turkmenistan a zamanin Gurbanguly Berdimuhamedow ta tara takardu, ciki har da na birnin da ya fi cunkoson gine-ginen farin marmara, wato Ashgabat. Babu mahalukin da ya taɓa musu a kan wannan a wata mashaya.

Guguwar ta iso mana a Mayun 2023, lokacin da Hilda Baci ta yi ta girki a Lekki ta Legas har agogo ya nuna awa 100, dubban mutane na kewaye da ita, gwamna da mawaƙa na zuwa gaisuwa. Dokar ita ce hutun minti biyar bayan kowace awa, kana iya tara su. Da aka duba bidiyon sai aka ga ta zarce hutunta da 'yan mintoci tun da wuri, aka zabtare mata kusan awa bakwai. Aka tabbatar mata da awa 93 da minti 11, wanda ya isa ya kayar da awa 87 da minti 45 na Lata Tondon ta Indiya. Kafin shekara ta ƙare Alan Fisher, mai gidan abinci a Japan, ya yi awa 119 da minti 57. A Janairun 2024 Failatu Abdul-Razak ta yi awa 227 a Tamale ta arewacin Gana, gari ya yi biki, Guinness ta ƙi amincewa, a kan dokar hutun nan dai. Mutane sun ji haushi. Ni ma na tausaya mata, kwana tara a bakin murhu ba wasa ba ne, amma zabtare awannin nan da ƙin amincewar su ne kaɗai abin da ya yi kama da aikin tagwayen Fleet Street a duk hidimar.

'Yan tsere sun fi kowa sanin wannan ɗacin, kuma ba sa ƙorafi. Ranar 24 ga Yuli, 2022, a garin Eugene na jihar Oregon, Tobi Amusan ta Najeriya ta gudu mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, sabuwar bajintar duniya. Ba a yi awa biyu ba ta dawo zagayen ƙarshe ta yi 12.06, ta ɗauki zinare. Sai dai na'urar da ke gefen fili ta nuna iskar da ke tura ta daga baya ta kai mita 2.5 a daƙiƙa, dokar kuma ba ta yarda a wuce 2.0 ba. Gudunta mafi sauri a ranar bai shiga kundi ba, 12.12 aka rubuta.