Yadda Wayar Hannu Ta Shiga Zauren Majalisa

A zamanin da na taso, talaka ba ya jin labarin majalisa sai abin da Rediyon Kaduna ko Sashen Hausa na BBC suka kawo masa. Wakilinka kuwa, in ya tafi Legas, daga baya Abuja, sai kakar zaɓe ta sake zagayowa. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, intanet a waya ta biyo sawu, nisan ya fara raguwa.

Ban ga inda hakan ya fito fili kamar fafutukar rage shekarun tsayawa takara ba. A 2016 Tony Nwulu ya gabatar da ƙudirin a Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako kuma a Majalisar Dattawa. Gyaran tsarin mulki aiki ne mai wuya, domin sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Matasa, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar YIAGA, suka riƙa matsa wa 'yan majalisa lamba a Twitter da Facebook, suka kuma yi tattaki har ƙofar majalisa. Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi suka sauko daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35.

Sai dai abin da ke damuna shi ne manomin da ba shi da kuɗin data, da matar ƙauyen da sabis bai kai ba. Su ma ɗan majalisar wakilinsu ne, kuma wajibi ne ya taka ƙafa ya je ya saurare su.