Daga Alharini Zuwa Furen Kintinkiri: Tarihin Adon Tufafi a Ƙasar Tasawa da Mayahi

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya san cewa ido ba ya fara sauka a tsakiyar riga. Gefenta yake fara kamawa: jan shafin da ke leƙowa idan basarake ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa, da tuntun da ke lilo a bayan alkyabba, da gezar jalala da ke kaɗawa idan doki ya yi ƙaimi. Da yake tarihin sarauta ya saba ambaton sarakuna da mayaƙa da malamai, mun ga ya dace a wannan biki mu ware ƴan shafuffuka domin masu allura da zare. Mai karatu zai ga cewa adon bakin tufa a ƙasar nan bai taɓa sauyawa haka kawai ba. Duk lokacin da hanyar fatauci ta juya, shi ma sai ya juya tare da ita.

Zamanin ayari

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Tasawa. Ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa ne ta Damargu. A lokacin garin yana ƙarƙashin Sarkin Katsina na Maraɗi, wato zuriyar sarakunan da suka baro birnin Katsina wajen 1807, suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819. Cikin abubuwan da baƙon ya tsaya ya duba har ya rubuta akwai wata marina mai rijiyoyi 14. Wannan shaida ce babba, domin ba a gina marina sai inda ake da auduga, da mata masu kaɗi, da masaƙa, da masu sayen abin da aka rina.

Hanyar da ta kawo shi ita ce ke kawo kayan ado. Daga Tarabulus ake tasowa, a biyo ta Gadamas da Gat, a ratsa Abzin zuwa Damargu, sannan ayari ya rabu, wasu su bi ta Damagaram, wasu ta Tasawa, kowa ya nufi Katsina ko Kano. A cikin kayan raƙuman akwai alharini, wato ragowar siliki daga masaƙun Turai, wanda ake rinawa ja mai ɗaukar ido kafin a ƙetaro hamada da shi. Barth ya ƙiyasta cewa ɗaruruwan raƙuma ne ke shiga Kano da shi duk shekara. A can inda ya fito ba a ɗauke shi kayan kirki ba, amma da ya zo hannun matan ƙasar Hausa sai suka tsefe shi, suka kaɗa, masaƙa suka jera shi cikin barage, maɗinka kuma suka yi shafi da shi.

Shafi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ƙyalle ne da ake ɗinkawa ta ciki, a bakin riga da bakin hannuwanta. Amfaninsa na farko shi ne ya ba riga nauyi, ta zuba daidai a jiki, ya kuma hana bakinta zarewa. To amma da yake babbar riga ba ta sawuwa sai an naɗe hannuwanta, abin da aka ɓoye a ciki shi ne ke fitowa fili. Saboda haka maɗinkan dā suka sa zare mafi tsada a wurin da ba a ganinsa sai mai riga ya motsa. A ganinmu, babu wata dabara a ɗinkin Hausa da ta fi wannan nuna kunya da ƙasaita a haɗe.

Akwai kuma sillikin gida, wanda ake kira tsamiya, domin daga saƙar wata tsutsa da ke zama a itacen tsamiya ake samunsa. Ana dafa shi da toka ya yi laushi, a kaɗa, ya fito da launin ƙasa-ƙasa ko fari-fari. Da shi, ko da farin zaren auduga, ake yin aikin ƙirji a kan saƙi, wato baƙar saƙa mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo.

Ita kanta rigar ba daga faffaɗan yadi ake yanko ta ba. Masaƙi yana fitar da siririyar ƙwarya mai tsawo, maɗinki ya harhaɗa su gefe da gefe, gomiya bisa gomiya, har riga ta tashi. Daga nan sai a kai wa mai zane, wanda galibi malami ne ko babban almajiri, domin hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ya fi iya jan layi. Da tawada zai fitar da aska biyu ko aska takwas a gefen aljihu, ya zana tambari a ƙirjin dama da kuma baya, ya kewaye wuya da linzami. Sannan masu allura su zauna a zaure ko a gindin bishiya su cike zanen, aikin da kan ci watanni. A ƙarshe a kai ta mabuga. Riga ɗaya, ke nan, takan ratsa hannun manomi, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mai zane, da maɗinki, da mabugi, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikinta.

Riga a fada

Me ya sa ake wannan wahala? Domin a fada riga magana ce. Ba a naɗa mutum sarauta sai da riga da rawani, manya kuma a ƙara musu alkyabba, wadda asalinta tufar Magariba ce, da ita da kufta da jabba, masu layin zaren zinariya ko na azurfa a gaba da wuya. Sarki yana tuɓe riga ya ba maroƙi ko jarumi, yana aika riga ga maƙwabcinsa domin neman zumunci, kuma wanda aka aika wa yakan auna matsayinsa daga faɗin aiki da irin shafin da ya gani. Sarkin da rumbun tufafinsa ya ƙare, bayinsa da barorinsa sukan fara duban wata ƙofar. Da Sarki Mijinyawa ya baro Maraɗi ya zauna a Tasawa a ƙarshen ƙarni na 19, garin ya zama mazaunin fada mai cikakkun sarautu, buƙatar irin waɗannan tufafi kuwa tana bin fada duk inda ta sauka.

Dawaki ma suna da nasu rabo. Dukawa da maɗinka su ke haɗa hannu a kan jalala da kayan gaba da na kai, su jera jar fata da koriya, su rataya tuntaye. Wanda ya ga hawa a Tasawa ko a Mayahi ya san cewa sau da yawa doki ya fi mahayinsa ado.

Da hanya ta juya kudu

A watan Yuli na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙare tafiyarta ta ɓarna a ƙasar nan, shugabanninta biyu suka mutu a wajen Maijirgi. Cikin ƴan shekaru mulkin Faransa ya kafu. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar ce kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Fataucin hamada, wanda dama ya fara rauni, bai sake tashi ba. Alharini ya yi wuya, sai zaren kanti mai launi iri-iri da yadin bature suka maye gurbinsa. A 1927 aka ɗauke mazaunin kumandan daga Tasawa zuwa Maraɗi, kuɗin gyaɗa da kantunan kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka tattara a can.

A wannan zamani ne kintinkiri, wanda ƴan kasuwa ke kira riban, ya zama sananne. Siririn ƙyalle ne da aka saƙa da bakinsa biyu a kammale. Garin Saint-Étienne na Faransa shi ne ya shahara da saƙarsa tun kafin ƙarni na 19. Abin lura shi ne, a ƙirjin maza ya fara samun daraja a nan, ba a kayan mata ba. Lambobin girma da Nasara ke maƙala wa sarakuna da tsofaffin sojoji a jikin kintinkiri suke rataye: ja ga lambar Légion d'honneur, shuɗi mai haske ga lambar Baƙin Tauraro. Bayan an tsayar da tutar Nijar a watan Nuwamba na 1959, sai ruwan lemo da fari da kore suka zama launin ɗamarar da magadan gari da ƴan majalisa ke ratayawa.

Sai keken ɗinki. Abin mamaki, a shekarar da Barth ya sauka a Tasawa, wato 1851, a ita ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, amma sai a ƙarni na 20 ya zama kayan aikin teloli a kasuwanninmu. Daga baya keken surfani irin na Cornely, ƙirar Faransa, ya shigo, wanda ke zuba aikin wuya a kan shadda cikin yini guda. Dattawa sun raina shi da farko, kuma suna da hujja, domin aikinsa bai kai na hannu zama ba. Sai dai shi ne ya sa manomi da malamin makaranta suka sa riga mai aiki ranar salla, abin da kakanninsu ba su yi mafarkinsa ba.

Allura a ɗakin mata

A zamanin dā mace ke kaɗi, namiji ke ɗinki. Yau abin ya sauya, musamman a fannin ƙawata kaya. Cibiyoyin koyar da mata sana'a da aka buɗe bayan samun ƴancin kai a 1960, da ƙungiyoyin mata, da kekuna masu araha irin Butterfly na ƙasar Sin, su suka shigar da ɗinki cikin gidaje. Hannun kuwa dama a shirye yake. Matan da ke zaune a kwarin Gulbin Kaba, daga ƙasar Tasawa har Mayahi, sun gaji rina kaba da jera launi a tabarma da faifai. Wadda ta iya fitar da zane a faifai, furen kintinkiri ba zai gagare ta ba.

Yadda ake yinsa ba shi da wuya a faɗa. Ana yanka kintinkiri kamar taƙi ɗaya ko biyu, a ɗan kusantar da bakin yankan ga wuta domin ya ƙame, tun da na yanzu zaren roba ne. Sai a bi gefe ɗaya da allura, ɗinki mai tsalle-tsalle, a ja zaren a hankali har ƙyallen ya tattare ya zagayo kansa, a ɗaure, a dasa maɓalli ko dutsen ado a tsakiya. Idan fure mai ninki ake so, sai a riƙa naɗewa ana karya shi, ana kama gindin da allura a kowane zagaye. Idan kuwa ba a rufe da'irar ba, tattarar ce ake bi da ita a bakin zanen gado, ko matashin kai, ko labulen ɗakin amarya, ko rigar jaririya ranar suna. Gwaninta tana wurin jan zare: a ja da yawa fure ya dunƙule, a sassauta ya baje kamar ganyen da rana ta buga.

Kada a raina wannan sana'a. Jarinta kaɗan ne, ana yinta a tsakar gida, kuma da ita mata da yawa ke zuba adashi da haɗa kayan ɗakin ƴaƴansu. Tun bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kayan waje suka yi tsada, gyara yadi mai araha da ɗan ado a baki ya zama hanyar fita kunya a biki. Kayan aikin yanzu galibi daga Sin suke, su biyo ta Kano da Maraɗi. Amma za mu faɗi gaskiya: kintinkirin roba ba ya tsufa da kyau. Rana na cin launinsa, dutsen guga na narka shi, alhali shafin alharini yana nan da jansa bayan shekara ɗari.

Tsofaffin rigunan ƙasar Hausa suna ajiye a gidajen tarihi na Landan da Berlin da Paris, kuma gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yana da ɗakin tufafin gargajiya. Waɗanda suka rage a hannunmu suna cikin adakoki da akwatunan gidajen sarauta da na malamai da na attajiran dā, inda gara da ɓera da yoyon damina ke yi musu barazana. Muna roƙon duk gidan da ke da irinsu kada a wanke su da sabulun gari, kada kuma a shanya su a rana. A kaɗe ƙura, a naɗe su cikin farin ƙyallen auduga, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a buɗe shi a sha iska bayan kowace damina. A kuma samu takarda a rubuta sunan mai rigar, da wanda ya ba shi, da dalilin bayarwar, da garin da aka ɗinka ta, tun dattawan da suka ga an sa ta suna raye, a ninke takardar a sa a cikin aljihun rigar.