Daga Amsa-kuwwar Samaniya Zuwa Na'urar Rada

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi yadda wata tambaya a kan tafiyar saƙon rediyo ta kai masana ga gano wani rufi a sararin samaniya, kana ta haifar da na'urar hango jiragen sama, wato rada.

2.0 Gano Rufin

A watan Disamba na 1901, Guglielmo Marconi ya ba da sanarwar karɓar saƙon rediyo a tsibirin Newfoundland daga Ingila, tazarar kimanin kilomita 3,500. Abin ya ɗaure wa masana kai, domin saƙon rediyo miƙe yake tafiya, alhali duniya a ƙunshe take kamar ƙwallo. A 1902, Oliver Heaviside a Ingila da Arthur Kennelly a Amurka, kowa a gefensa, suka yi hasashen akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki da ke maido da saƙon ƙasa.

Hujja ba ta samu ba sai a 1924, lokacin da Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth suka auna nisan rufin, kimanin kilomita 100. A 1925, Gregory Breit da Merle Tuve a Amurka suka riƙa harba gajerun saƙonni sama suna ƙidaya lokacin dawowarsu, tamkar mai kimanta nisan dutse da amsa-kuwwa. Robert Watson-Watt ne ya raɗa wa yankin suna ayonosfiya a 1926.

3.0 Haihuwar Rada

In har rufin samaniya na maido da saƙo, ashe jirgin ƙarfe ma zai maido. Ranar 26 ga Fabrairu, 1935, Watson-Watt da Arnold Wilkins suka tabbatar da haka kusa da Daventry. Daga nan aka jera tashoshin rada a gaɓar tekun Ingila, waɗanda suka taimaka wajen tare jiragen yaƙin Jamus a 1940.

4.0 Kammalawa

Appleton ya sami lambar Nobel a 1947. Wannan rufi ne kuma ya riƙa isar da shirye-shiryen gajeren zango ƙasar Hausa, ciki har da na Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Ke nan binciken da aka fara don sani kawai, bai kamata a yi gaggawar yanke masa hukuncin rashin amfani ba.