Harshen aji da harshen ɗakin haihuwa: waiwaye bisa tarihin horar da ungozomomi a Nijar

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce bin diddigin yadda aka horar da ungozomomi a Nijar, ta fuskar harshe. Za mu nuna cewa tun zamanin mulkin mallaka an bi hanya biyu da ba su haɗu ba: hanyar diploma da Faransanci, da hanyar ƙauye da harsunan ƙasa. Ɗaliba aka bar wa aikin haɗa su, ita kaɗai, a gaban mace mai naƙuda.

2. Hanyar Dakar

A shekarar 1918 Faransa ta buɗe makarantar koyon aikin likita a Dakar domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta, tare da sashen ungozomomi. Sharaɗin shiga shi ne karatun lakwal da Faransanci, don haka ƙasashen da suka riga wajen sa ƴan mata makaranta, kamar Dahome da Senegal, su suka fi cika ajin. Nijar, wadda ta zama koloni a 1922, ba ta aika ɗalibai masu yawa ba. Bayan karatu, gwamnati ke tura ungozoma inda ta ga dama, ko da ba ta jin harshen wurin. Aoua Keita, ƴar Bamako, ta gama a 1931 aka kai ta Gao, ƙasar Soŋai. Daga nan aka gaji wani tsari: ilimi da Faransanci yake, magana da mai ciki kuwa sai ta bakin tafinta ko da ƴan kalmomin ba da umurni.

3. Hanyar Maraɗi

Bayan samun ƴanci a 1960, an gwada wata dabara a jihar Maraɗi, cikin aikin wayar da kan mutanen karkara. Ƙauye ke zaɓen tsofaffin ungozomominsa, a kai su gidan likita su yi ƴan kwanaki suna koyon tsabta, yankan cibi da gane alamun haɗari, da Hausa. Guy Belloncle da Georges Fournier sun bayyana wannan gwaji a littafinsu na 1975, shekara 3 kafin taron Alma-Ata na 1978. Amma hanyar ba ta kai ga diploma ba, kuma kalmomin da aka yi aiki da su ba su shiga darussan makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram ba. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin ƙwararru suka fitar da ma'anar ƙwararren mai karɓar haihuwa, ba tare da ungozomar gargajiya a ciki ba. Sai aikin ya koma hannun mai diploma, wadda ba a koya wa harshen aikin ba.

4. Kalmomin da ba su fassaruwa kai tsaye

Misalai uku sun isa. Na farko, kalmar ungozoma kanta. A al'adar Hausa mace takan haihu ita kaɗai ko da wata dattijuwa kusa. Ungozoma ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Mai diploma tana ɗauke da suna ɗaya da ita, alhali aikinta ya fara tun awon ciki. Na biyu, Bahaushe kan ce mace tana bisa gwiwa idan tana naƙuda, domin a durƙushe ake haihuwa. Gadon asibiti kuwa rigingine yake sa ta. Na uku, gishiri: ban da na miya, suna ne na ciwon da ake cewa yana toshe hanyar haihuwa, wanda ake kiran wanzami ya yanka, abin da kan jawo yoyon fitsari. Ɗalibar da ta ji kalmar ta ɗauka maganar abinci ce ta rasa labarin da zai iya ceton mace. Ga kuma kunya, musamman ta haihuwar fari: shirun mai naƙuda ba ya nufin babu ciwo.

5. Abin da bincike ya nuna

A farkon shekarun 1990 Yannick Jaffré da Alain Prual sun yi nazari bisa ungozomomin Yamai, suka nuna cewa suna tsakanin ƙa'idar aiki da ƙa'idar zaman jama'a, kuma rashin jituwa da masu haihuwa daga nan yake tasowa. Littafin da Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a 2003, bisa manyan birane 5 na Afirka ta Yamma har da Yamai, ya ƙarfafa batun. A ganinmu darasin shi ne: ɗaliba tana koyon sunayen gaɓoɓi a aji, amma yadda ake yi wa mace magana a wurin gwajin aiki take ɗaukarsa, daga bakin yayyenta na sana'a, ba tare da wani ya duba ba. Gani ga wane ya isa koyi, mai kyau ko maras kyau. Da aka sauke kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, da na awon ciki a 2006, matan karkara sun ƙaru a asibiti, buƙatar harshe ta ƙaru da su.

6. Kammalawa

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10, kundin watan Maris na 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Doka ba ta rubuta darasi. Muna ba da shawara uku: a tattara kalmomin ciki, naƙuda da jego daga bakin dattijan ungozomomi, da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, tun suna da rai, a sa tattaunawa da mai ciki cikin abin da ake jarrabawa, a kuma horar da masu kula da ɗalibai a wurin gwajin aiki. Kashi na farko aikin sashen kimiyyar harshe ne, kuma ɗalibanmu na babban digiri za su iya fara shi daga Maraɗi.