Irving da Fadar Alhamra: Shin Begen da Littafi Ya Haifa Ruɗi Ne?

Tun bayan fitowar Orientalism na Edward Said (1978), wani ra'ayi ya yi kaka-gida a nazarin rubuce-rubucen matafiya Turawa: wai littafin da ya sa mai karatu begen wani tsohon ginin Musulmi ya riga ya rufe masa ido, in ya je ba ginin zai gani ba, mafarkin marubucin zai tarar. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Tales of the Alhambra (1832), wanda Ba'amurke Washington Irving ya rubuta bayan zamansa a Alhamra, fadar sarakunan Banu Nasr da ke Garanada, a 1829. A ganina sun ɗan wuce gona da iri.

Babu musu Irving ya yi wa fadar kwalliya. Ya same ta a lalace, sojojin Faransa sun tarwatsa wasu hasumiyoyinta a 1812, talakawa sun tare a ɗakunan sarakuna, sai ya cika ta da labaran dukiyar da aka binne da 'ya'yan sarki da aka kulle, da yawa daga bakin ɗan rakiyarsa Mateo Jiménez.

Hujjar masu wancan ra'ayi mafi ƙarfi, wadda ta cancanci a tsaya a kanta, ita ce ƙubbar Filin Zakuna. Sarki Muhammadu na Biyar ne ya gina filin a ƙarni na 14. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da gyaran fadar ke hannun Rafael Contreras, aka ɗora wa ɗaya daga cikin rumfunansa ƙubba mai tayil launi-launi, wadda magina na asali ba su san da ita ba. An yi ta ne don ta dace da Gabashin da baƙi ke sa ran gani. Sai su ce: ga shi nan, begen masu karatu ya zama tubali da siminti, ƙarya ta hau kan gaskiya ta zauna.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma nan ne suke saurin wucewa. A 1934 Leopoldo Torres Balbás, mai kula da gyaran fadar daga 1923 zuwa 1936, ya sauke ƙubbar ya mayar da rufi mai tsini, duk da surutun da mutanen gari suka yi, don su ma sun saba da ita. Abin da ya kai shi ga haka nazarin ginin ne kansa. Ke nan ginin na iya ƙaryata abin da aka jingina masa, muddin akwai masu zuwa su dube shi da kyau, kuma da wuya a ce littafin bai ƙara yawansu ba.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ba zan bi masu cewa Irving ne ya ceci Alhamra ba: an ɗora wa José Contreras, mahaifin Rafael, aikin gyara tun 1828, kafin Irving ya tare, kuma ayyana fadar a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1870 na da dalilansa na siyasar Sifen. Haka ma ɗora wa littafi ɗaya alhakin ƙubbar zato ne kawai. Iyakar abin da hujja ta ba da dama a faɗa shi ne, littafin ya ɗaga ƙafafun mutane zuwa Garanada, amma bai mallaki abin da za su gani ba.

Dalili kuwa, bangon Alhamra rubuce yake. Baitocin Ibn Zamrak, wazirin Muhammadu na Biyar, na sassaƙe a bakin kwamin da zakuna goma sha biyu ke ɗauke da shi, taken gidan sarautar mai kaɗaita Allah da rinjaye kuma ya maimaitu ɗaki bayan ɗaki. Baƙon da ya taso a makarantar zaure, ko da Irving ne ya kawo shi, zai tsaya yana karanta bangon, alhali ra'ayin da nake jayayya da shi bai taɓa sa irin wannan baƙo a lissafi ba.