Kabarin Soja da Takardar Magaji

Ranar 6 ga Yuli, 2020, Laftanar Janar Tukur Buratai, shugaban rundunar sojin ƙasa na lokacin, ya yi bikin ranar sojoji a Faskari, inda ya ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity a kan 'yan bindigar daji. Ba a cika mako biyu ba aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin Shimfiɗa ta ƙaramar hukumar Jibiya, aka kashe da dama. Mutanen Mairuwa, da ke bakin titin Funtuwa zuwa Gusau, sun san wucewar motocin soja zuwa dazukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Abin da ba sa gani shi ne inda ake kai wanda bai dawo da rai ba, da abin da ke isa gidansu bayan haka. Sojan da ya faɗi a nan sau da yawa ba ɗan yankin ba ne, ɗan yankin kuma da ya sa kaki yana iya faɗuwa a Borno.

Wannan nisa tsakanin kabari da gida tsohon abu ne. Tun 1863, da John Glover ya kafa ƙaramar rundunar Hausawa a Ikko, da kuma 1897 da aka ɗora wa Lugard kafa rundunar Afirka ta Yamma, gawar soja ta hukuma ce. Waɗanda suka mutu a Kamaru da Afirka ta Gabas a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da waɗanda suka mutu a Bama tare da runduna ta 81 da ta 82 a na Biyu, can aka bar su, domin ƙa'idar Ingila ita ce ba a mayar da gawar yaƙi gida. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, akwai sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya.

Sunayen kansu wata matsala ce. Akawun bariki yakan rubuta sunan yanka ya haɗa da sunan gari, wane Katsina, wane Zariya, ba uba ba unguwa. Ta yaya za a nemo uwar mai irin wannan suna, balle a kai mata haƙƙin ɗanta? Wasu ma ko wannan ba su samu ba. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, mafi yawansu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Sakataren tsaron Ingila, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa, shekara ɗari da 'yan kai bayan aukuwar abin.

Bayan 'yancin kai aka kafa ƙungiyar tsoffin sojoji a 1964, daga baya aka mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Jana'izar soja ta yau tana da tsarinta: a yi wa mamaci salla ko addu'ar coci, a lulluɓe shi da tuta, a harba bindiga, a busa ƙaho, a miƙa tutar ga magaji. Manya sukan samu wannan cikin gaggawa. Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya rasu a haɗarin jirgi a Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021, washegari aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja. Ƙananan sojojin da aka kashe a Metele a Nuwamban 2018 sai a Disamba aka yi musu jana'iza a barikin Maimalari. Ga Bahaushen da ya saba a kai mamaci kafin faɗuwar rana, wannan jira wani zaman makoki ne na daban.

Sai batun haƙƙi, inda igiyar ta fi tsinkewa. A rubuce akwai kuɗin inshorar rai, da giratuti, da kuɗin jana'iza, da tallafin karatun 'ya'ya. Amma duka suna bi ta takarda ɗaya, wadda soja ya cika ya ambaci magajinsa. Saurayin da ya shiga aiki yana ɗan shekara ashirin yakan rubuta mahaifinsa ko wansa, ya yi aure, ya haihu, bai koma ya sabunta ba. Hukuma ta san suna guda, shari'ar gado kuwa ta san mutane da yawa: tumuni ga mata ko su huɗu ne, sudusi ga uwa, sudusi ga uba, saura ga 'ya'ya. Wanda aka rubuta wakili ne kawai, ba mai dukiya ba, sai dai kuɗin hannunsa suke faɗawa, kuma ba kowane wa ne ke tuna bambancin ba. Matar kuma tana zaune a gidan bariki da ba nata ba.

Ranar 27 ga Maris, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izar sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta. Ya ba su lambobin girma, ya yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da karatun 'ya'ya, ya kuma umarci a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ke nan idan an bi umarnin, matar da ke cikinta za ta karɓi kuɗin kafin ta fita. Kurtun da ya faɗi a dajin Faskari, babu shugaban ƙasa a bakin kabarinsa da zai yanke wa'adi.